Gishirin Oddlaug Vollan

Sunanta Oddlaug Petrine Vollan. Na fara saninta ranar goma sha biyu ga watan Satumba, shekarar 1974, a ƙofar gidanta, sa'ad da na iso da injin haƙa rijiya ɗaure a bayan babbar mota. A lokacin tana da shekara sittin da shida, ni kuwa ina da arba'in da biyar. Mijinta Iver ya shekara huɗu da rasuwa, 'ya'yanta biyu sun tare a birnin Trondheim, ita kaɗai ta rage a gonar da shanu bakwai da 'yan tumaki. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, kuma idan tana magana da mutum takan karkatar da kai ta dube shi ta gefen ido. Na ɗauka raini ne. Sai bayan shekara uku na san dalilin.

Ni sunana Torleif Engan, mutumin kan duwatsu, kuma tun ina ɗan shekara goma sha huɗu nake haƙa wa mutane rijiyar ruwa. Ina gane irin dutse da ƙarar da yake yi a ƙarƙashin ƙarfe, kuma ban taɓa barin rami a karkace ba. Yumɓu ne ban sani ba, domin a garinmu babu shi. Karatu ma ban iya ba a wancan lokacin, lambobi kawai na sani. Babu wanda ya san haka sai matata, domin ina da dabarun kauce wa takarda da suka ishe ni shekara talatin. Na ambaci wannan tun farko saboda yana cikin labarin, ba don neman uzuri ba.

Gidan Vollan dogo ne, na gumagumai, an rufe shi da fararen katako, kakan Iver ne ya gina shi. Taku arba'in daga bangon kicin ƙasa take yankewa ta gangara cikin kwazazzabo, rafi yana gudu a ƙasansa. Tsakanin gida da bakin kwazazzabon akwai gonar dankali, da rumbun katako mai ƙafafu inda take rataye nama. A shekarar da ta gabata ƙasa ta zame a wani kwari na kusa ta tafi da gidaje biyu, sai hukumar gunduma ta aiko injiniya ya bincika gonaki ɗaya bayan ɗaya. A gonar Vollan ya sami abin da mutanen wurin suke kira yumɓu mai rai. Hukuma ta ba Oddlaug zaɓi biyu: ko ta tashi, ko ta yarda a gwada wata sabuwar dabara a ƙasarta har tsawon shekara uku. Idan ƙasa ta yi ƙarfi ta zauna, idan ba ta yi ba, tashi ya zama dole. Ita kuwa abu ɗaya take so a duniya, ta ƙare kwananta a gidan nan.

Injiniyan, Ketil Aarvik, siririn mutum ne mai saurin magana. Ya riga ni zuwa. Na same shi a kicin ya ajiye curin yumɓu a kan tebur kusa da cuku.

"Taɓa shi, uwar Vollan," ya ce, kamar yadda ake kiran uwargidan gona a wurin.

Ta danna da babban yatsa. "Da tauri. Sai me?"

Ya sa curin a kofi, ya ɗauki cokali ya yi ta juyawa. Kafin gahawata ta huce, abin ya narke ya koma kamar kunu, ya tsiyaye shi cikin wani kofin.

"Ruwa ka zuba," ta ce.

"Ai a gabanki na yi."

"Shi ya sa nake cewa ka zuba. Mai rijiya, kai ka ga ya zuba?"

Na ce ban gani ba. Daga ranar ba ta sake kira na da wani suna ba.

Sai Aarvik ya miƙa hannu ya ɗebi gishiri daga kwanonta na tebur, ya barbaɗa a kofin, ya ci gaba da juyawa. Cokalin ya fara nauyi, daga baya ya tsaya cak. Ya kife kofin a kan tafin hannunsa, ko ɗigo bai faɗo ba. Ya yi bayani cewa ƙasar nan a ƙarƙashin teku take a zamanin da, kuma gishirin teku ne yake riƙe da yumɓun. Da ƙasa ta taso, ruwan sama ya yi shekaru dubbai yana wanke gishirin har ya ƙare. Yumɓun yana nan tsaye, amma ba abin da yake riƙe da shi, idan aka motsa shi sai ya zama ruwa. Dabarar ita ce a haƙa ramuka masu zurfi a cika su da gishiri, a mayar wa ƙasa abin da ta rasa.

Oddlaug ta lakaci ɗanyen yumɓun da ya rage a kan tebur ta sa a harshe.

"Lami ne kuwa," ta ce. "To tsaya in gane. Shekara arba'in ni da Iver muna wahalar ƙasar nan. Ubana ya koya mini gishiri yana kashe ciyawa, in kana so ka cuci maƙwabci watsa masa shi a gona. Yanzu ka taso daga birni ka ce mini ƙasata ba ta da lafiya don gishiri ya yi mata kaɗan."

"Haka ne."

"Wato cinyar tunkiya ce."

"Ban gane ba."

"In ba a sa mata gishiri ba ta ruɓe, in an binne ta a ciki ta shekara. Ai sai ka faɗi haka tun ɗazu, da ba ka ɓata mini kofi biyu ba."

Aarvik ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya fasa, domin ya ga ta yarda, kuma yardarta yake nema. Na daɗe ina tunanin wannan fasawar.

Na haƙa ramuka sittin da huɗu a wannan kakar, layi uku a bayan kicin, kowanne zurfin mita goma sha biyar. Muka zura bututu, muka cika su da wani jan gishiri irin na takin zamani, muka rufe kowanne da murfin katako. Aarvik ya ce kada in kai injina kusa da bakin kwazazzabo. Na ɗauka saboda girgizar injin ne, kuma ban tambaya ba, domin ban saba tambayar wanda na girma a kan aikin da nake yi tun kafin ya fara makaranta ba.

Daga nan sai jira. Sau biyu a shekara nakan zo in ƙara gishiri a ramukan, kuma a wannan zuwa da komawa na san ta. Mace ce da ba ta barin baƙo ya tafi da yunwa, amma kuma ba ta barin sa ya ci abinci cikin kwanciyar hankali, sai ta yi masa tambayoyi. Tana kiran shanunta da sunayen matan da suka ɓata mata rai a coci. Ta san kowane gungume na gidanta, takan shafa bango ta ce wannan daga dajin arewa aka sare shi, wancan kuma Iver ya canja bayan yaƙin duniya. Tumakinta sun gano murafen ramukan suna lasa, takan kore su da tsintsiya tana cewa maganin ƙasa ne ba nasu ba. Duk zuwan da na yi sai ta sa na zura ƙarfe tsakanin ramuka na ciro mata yumɓu ta ɗanɗana.

"Har yanzu lami," takan ce. "Cinya sati uku ya ishe ta. Wace irin ƙasa ce shekara biyu ba ta sha gishiri ba?"

Na faɗa mata abin da na ji daga Aarvik, cewa gishiri a cikin yumɓu a hankali yake tafiya, bai fi kamu ɗaya a shekara ba.

"Tafiya yake yi? Da wace ƙafa?"

"Ban sani ba, uwar Vollan. Ni haƙawa aka ce in yi."

"Kai ba ka sani ba, ni ban sani ba, shi kuma yana birni. Madalla da mu."

A watan Oktoba na 1976 Aarvik ya zo ya yi awo. Ya ce kewayen ramukan ya yi ƙarfi, amma daga layi na waje zuwa bakin kwazazzabo yumɓun yana nan da ransa kamar da. Ya so a ƙara wasu ramuka ta wajen rumbu, sai dai hukuma ba ta amince ba tukuna. Awo na ƙarshe zai zama a watan Agusta mai zuwa, kuma shi ne zai yanke zamanta ko tashinta. Yana sauri kada jirgin ruwa ya bar shi, ya zauna ya cika takarda guda da rubutu, ya miƙo mini.

"Ka karanta ka ba ta, ku biyu ta shafa," ya ce, ya fita.

Na riƙe takardar ina dubawa gwargwadon lokacin da na ga masu karatu suna ɗauka, na gyaɗa kai, na ce, "Daidai ne." Na miƙa mata. Ta karkatar da kai ta dube ta na ɗan lokaci, ta ce, "To, ba sabon abu," ta danne ta da kwanon sukari. Hankalina ya kwanta. Na ce a raina ta karanta, in da abin da ya kamata in sani za ta faɗa mini.

Duk hunturun nan magana ɗaya ce take yi mata yawo a kai, cewa gishiri bai isa ba kuma lokaci yana ƙurewa. Maƙwabcinta na sama, Arnfinn Hynne, shi ya kawo labarin wani gidan sarrafa kifi a bakin teku da aka rufe, an bar tarin gishiri a ciki, mai wurin yana neman wanda zai kwashe. Ta kira ni ta waya.

"Mai rijiya, ba gishiri ya ce ya yi kaɗan ba?"

"Kusan haka ya ce."

"To ga gishiri. Hukuma ta yi ta barcinta. Kai za ka iya ramuka talatin ba injiniya a kanka?"

Na ce wanda ya haƙa sittin da huɗu ba zai kasa talatin ba. Wannan ita ce amsar da na bayar, kuma ba zan canja ta a takarda ba.

A wannan yanki, idan abu ya fi ƙarfin gida ɗaya, gayya ake kira, kuma ba a cewa a'a. Ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga Mayu, 1977, tarakta bakwai suka yi ta zirga-zirga daga bakin teku tun safe. Buhu ɗari takwas suka kawo, tan arba'in. Mata suka kawo gurasa da cuku, Oddlaug ta sauko da cinya biyu daga rumbu. Da aka zo maganar inda za a ajiye, Arnfinn ya ce a tsakar gida.

"Ruwan sama ya wanke mini shi cikin ciyawa? Shanuna su ci me, dutse?"

"To gonar dankali."

"Na shuka jiya, kai ma ka gani."

Wuri ɗaya ya rage, wata 'yar tsiririyar ƙasa a bayan rumbu, a bakin kwazazzabo, inda ba abin da yake fitowa, kuma idan gishiri ya narke rafi zai bi. Ga shi kusa da inda zan haƙa sababbin ramuka. Manoma goma sha ɗaya ne a wurin, kowa ya ce wannan shi ne hankali. Ni na shimfiɗa katako, ni na jera buhunan hawa takwas, kusurwa a miƙe kamar ginin coci, na rufe da tamfol.

"Maƙwabciya," Arnfinn ya ce yana share gumi, "in aka gama wannan, ko gawarki ba za ta ruɓe ba."

"Kai dai ɗauki buhu. Taka tun kana raye ta fara."

Wani daga cikin mutanen ya tambaya ko injiniya ya san da wannan aiki.

"Ya bar takarda," ta ce. "Mai rijiya ya karanta."

"Ita ma ta karanta," na ce.

Maganar ta ƙare a nan.

Lahadi aka yi ruwa, Litinin ma haka. Talata da rana na iso da injin, na bar motar a kan titi, na shiga kicin domin ta ce ba za a taɓa ƙasa ba sai an ci abinci. Muna cin kifi da dankali. Ban ji wata ƙara mai ƙarfi ba, abin da na ji bai wuce irin ajiyar numfashin saniya idan ta kwanta ba. Gahawar da take cikin kofina ta ɗan motsa. Oddlaug ta juya wajen taga.

"Hasken nan ya yi yawa," ta ce. "Mai rijiya, ina rumbuna?"

Na tashi na duba. Tarin gishirin babu shi. Rumbun yana can ƙasa, a tsaye a kan ƙafafunsa, yana tafiya a kan wani toka-tokan ruwa mai kauri kamar kwale-kwale. Ina kallo, wani yanki na gonar dankali ya tsage ya zauna a hankali, ya narke, ya bi bayansa. Sai na gaba da shi. Ƙasar tana cin kanta tana matsowa wajen gida. Na kama hannunta na ja ta ta ƙofar gaba, tana cewa shanu, ina cewa suna makiyayar sama. Muka tsaya a kan titi kusa da motata. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya take ta yi, ina ya kai, ina ya kai, ni kuma ina faɗa mata: ya ci rabin dankali, ya ci igiyar shanya, ya kai itacen tuffa. Bayan kamar minti ashirin sai ya tsaya. Ya tsaya ne a daidai layin ramuka na waje. Murafen katakon suna nan a jere a bakin sabon rami, taku bakwai daga bangon kicin. Ba a rasa rai ba, ko na tunkiya.

Washegari Aarvik ya zo. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya yi ta bugun bangon ƙasar da ya tsaya, ya hauro fuskarsa cike da murnar da ya kasa ɓoyewa. Murnar ta gushe da Arnfinn ya ba shi labarin buhu ɗari takwas. Ya dube ni, ya dube ta.

"Layin farko na takardata," ya ce a hankali. "Kada a ɗora komai da ya fi baro nauyi a bakin kwazazzabo. Layin farko."

Ya ɗauka mun karanta mun yi kunnen ƙashi, muka bar shi a haka.

Can sai ta ce, "Injiniya, fahimtar da ni. Gishiri ne ya ja ƙasar, ko gishiri ne ya tsayar da ita?"

"Duka biyun."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Na sama nauyi ne, uwar Vollan. Na cikin rami shi ne magani."

"Ai gishiri gishiri ne. To dabarar taka ta ci?"

"Ta ci. Ba don ita ba da gidan yana cikin rafi."

"Sai in zauna ke nan."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce babu hukumar da za ta bar mutum ya kwana taku bakwai daga rami mai zurfin mita goma sha biyu, kuma shi ma ba zai sa hannu ba.

"Da ba ta ci ba, in tashi. Ta ci, in tashi." Ta juyo wajena. "Mai rijiya, kai ka gane?"

Na ce ban gane ba, kuma gaskiya na faɗa.

Mutanen da suka kawo gishirin sun ji nauyin abin a ransu, sai suka sake kiran gayya. Gidan gumagumai ana iya kwance shi a kai shi wani wuri a mayar kamar yadda yake. Arnfinn ya ba ta fili a gonarsa ta sama, a kan falalen dutse. Shi ya bi gumaguman da alli kafin a kwance, kowane bango da harafinsa, kowane gungume da lambarsa daga ƙasa zuwa sama. Bango takwas ne, har da na ciki. Ni aka ba rarraba su a sabon fili, kowane bango da tarinsa, Oddlaug kuma aka ajiye mata kujera kusa da ni domin ita ta san gidan.

Lambobin ba su ba ni wahala ba. Haruffan na yi ta kwatanta su da ido, wannan mai ciki biyu, wancan mai ƙafa ɗaya, amma gungume yakan zo a juye, kuma allin Arnfinn ba ya tafiya iri ɗaya. Kafin rana ta yi tsaka na cakuɗa bango biyu. Ta miƙa hannu ta shafa wani gungume a tarin da yake kusa da ita.

"Wannan na kicin ne, ga inda ƙusar tawul take. Me ya kawo shi cikin na ɗakin kwana? Karanta mini abin da aka rubuta."

"Bakwai."

"Harafin fa?"

Na zura wa allin ido. Ta karkatar da kai ta daɗe tana dubana.

"Ba ka karanta takardar nan ba," ta ce.

"Ke da kika karanta, me ya hana ki magana?"

"Ni shekara biyar ba na ganin rubutu. Yanar ido ce ta rufe mini duka biyu. In 'ya'yana suka ji, Trondheim za su kai ni, bene hawa na huɗu, in yi ta kallon bangon wani." Ta ja numfashi. "Kai kuma wane ciwo ne?"

"Ba ciwo ba ne. Ban taɓa iyawa ba."

Ban taɓa furta wannan ga wani ba in ban da matata, kuma na yi tsammanin ƙasa za ta sake buɗewa. Ba ta buɗe ba. Tarakta tana tahowa da wasu gumaguman.

"Har da gyaɗa kai," ta ce. "Har da cewa daidai ne."

"Ke kuma kika ce ba sabon abu."

"To ai ban ga sabon abu ba."

Ta yi wata gajeriyar dariya da ban san ko ta murna ce ko ta baƙin ciki ba, kuma ina jin ita ma ba ta sani ba. Sai ta ce in jawo gungumen kusa. Ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allin, ta bi shi da yatsa, ta faɗa mini sunan harafin, ta ce in maimaita. Haka muka yi da sauran. Ita tana da sunayen, ni ina da idanun. Kafin a ɗora rufi na san haruffa takwas a miƙe da kuma a juye, kuma ba gungume ɗaya da ya shiga bangon da ba nasa ba. Da kaka ta yi na shiga ajin manya a garinmu, ina da shekara arba'in da takwas, na zauna a kujerar gaba.

Bayan wata goma sha huɗu na je wurinta, ta ɗaga kwanon sukari, ga takardar Aarvik, ta zo da ita daga tsohon wuri. Na karanta mata da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe. Ya ɗauke ni rubu'in sa'a. Layin farko yana nan kamar yadda ya faɗa. Layi na biyar ya ce gishirin kifi ma ba shi ne irin wanda ake bukata ba. Da na gama ta ce in sake karanta na biyar, na sake, ta ce to, ta tashi ta ɗora gahawa. Wasiƙar farko da na rubuta da hannuna ga Aarvik ce, na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru ta wajena. Nata sirrin ban taɓa faɗa ba sai yau, da babu wanda zai kai ta hawa na huɗu.

Ta yi shekara bakwai a gidan a kan dutse. Kowane gungume yana inda yake, ƙusar tawul tana wurinta, amma takan fita ta ƙofar baya ta nufi inda rumbu ya kamata ya kasance, sai ta tsaya a kan falalen dutse da kwano a hannu. Ba ta taɓa yanke wa kanta hukunci a kan ko ta zauna a gidanta ne ko an tashe ta ba. Wata rana takan ce gishiri ya ceci gidan, wata rana takan ce shi ya cinye gonar, wata rana kuma ta ce ni da ita ne, gishiri bai san komai ba. Idan ta tambaye ni nakan ce duka ukun, ita kuma ta ce wannan ba amsa ba ce.

Zuwana na ƙarshe ta roƙe ni in sauka tsohon wurin in ciro mata yumɓu tsakanin ramuka. Ciyawa ta rufe murafen, sai da na nema. Ƙarfen ya shiga da ƙyar. Na kawo mata curi a cikin hankici, ta gutsira da farce, ta sa a harshe.

"Ta sha," ta ce. "Yanzu ta sha, da ba kowa a kanta. To me ake yi da ƙasa mai ƙarfi da ba gida?"

Na ce ban sani ba. Ta naɗe curin ta ajiye kusa da kwanon sukari, ta ce in zauna, dankali ya kusa nuna. Ta rasu a wannan gidan bayan wata biyu, labarin ya same ni a wasiƙa, kuma ni na karanta ta da kaina.

Rabona da ita ranar uku ga watan Maris, shekarar 1984.